Tambaya da Amsa: Idan Shara Ta Tsallake Iyaka, Dokar Wa Ke Aiki?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan a kan shara suke, daga wadda ake lodo a jiragen ruwa ana kai wa wasu ƙasashe har zuwa wadda ke toshe kwatar ƙofar gida. Mun zaɓi shida daga cikinsu, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Ni malamin sakandare ne a Gusau. Tun ina yaro nake jin cewa Turawa sun taɓa kawo guba suka jibge a Najeriya. Shin gaskiya ne ko shaci-faɗi, kuma in gaskiya ne, me doka ta yi a kai?

Amsa: Malam, gaskiya ne, kuma ana iya cewa daga wannan lamari ne Najeriya ta fara samun dokar muhalli ta ƙasa mai haƙora. Tsakanin 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwa na Italiya suka yi ta aiko da jirage ɗauke da dubban ganguna zuwa Koko, wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa a tsohuwar Jihar Bendel, wanda a yau yake cikin Jihar Delta. Nauyin kayan ya haura tan 3,500, an kuma shigo da su da sunan sinadaran aikin gine-gine, alhali dattin masana'antu ne mai guba. Aka sami wani mai fili a garin aka riƙa ba shi dala 100 a wata domin a tara gangunan a filinsa, inda rana da ruwan sama suka yi ta dukansu har wasu suka kumbura suka fara yoyo. Ba jami'an tashar ba ne suka tona asirin. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can suka aiko gida, jaridun Legas suka bi sawu a tsakiyar 1988.

Gwamnatin Janar Babangida ta janye jakadanta daga Roma, ta kuma tsare wani jirgin Italiya a Legas har sai da ƙasar ta amince ta kwashe kayanta. Ma'aikatan da suka yi aikin lodin sun sha ƙuna a jiki da amai da sauran larurori. Ɗaya daga cikin jiragen da suka ɗauki kayan, mai suna Karin B, ya yi ta gararamba a tekun Turai, tasha bayan tasha ana hana shi tsayawa, kafin a ƙarshe ya sauke a Italiya. Wannan ɓangaren labarin ya cancanci ka faɗa wa ɗalibanka: abin da aka ajiye a bayan gidan talaka a Koko, ƙasashe masu ƙwararru da kayan aiki sun ƙi ko ya raɓi gaɓarsu.

A cikin shekarar aka fitar da dokar soja mai lamba 42, wadda ta yanke ɗaurin rai-da-rai ga duk wanda ya shigo da shara mai guba, ko ya yi dakonta, ko ya ajiye, ko ya yi cinikinta ba bisa ƙa'ida ba, ta ba da ikon ƙwace jirgi ko motar da aka yi amfani da su da ma filin da aka zuba, ta kuma ce rigar kariyar jakadanci ba ta kare mai wannan laifi. Sai doka mai lamba 58 ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, wadda hukumar NESREA ta gada a 2007. Dalilin da ya kawo gangunan Koko kuwa ba ƙiyayya ba ce, lissafi ne. A wancan lokacin ƙasashen Turai da Amurka sun tsaurara dokokinsu har kashe tan guda na irin wannan datti ya riƙa cin ɗaruruwan daloli, wani ma dubbai, yayin da a Afirka ake samun mai karɓa a kan 'yan daloli kaɗan. An taɓa yi wa Gini Bisau tayin dala miliyan 600 domin ta karɓi tan miliyan 15 a cikin shekara biyar, kuɗin da ya ninka duk abin da tattalin arzikinta ke samarwa a shekara, kafin surutu ya sa ta janye.

Tambaya: Ina karatun shari'a a Zariya. An koya mana cewa yarjejeniyar Basel da ta Bamako sun hana wannan ciniki. To ta yaya aka zuba guba a Abijan a 2006, bayan duka biyun sun daɗe da fara aiki?

Amsa: Malama, sai mu fara da abin da kowace yarjejeniya ta ce, domin ba abu ɗaya suka ce ba. Ta Basel, wadda aka ƙulla a Suwizalan a watan Maris na 1989 ta kuma fara aiki a 1992, ba ta haramta cinikin ba a farkonta, tsari ta yi masa: ƙasar da kayan za su fito ta sanar a rubuce, ƙasar da za ta karɓa da waɗanda za a ratsa su amince a rubuce, in kuwa aka yi algus ko aka ɓoye gaskiya, to ƙasar da ta aiko ita ce za ta tabbatar an kwashe, a ƙa'ida cikin kwana 30. Ƙasashen Afirka suka ga cewa amincewar gwamnatin da bashi ya yi wa katutu ba amincewa ba ce, shi ya sa suka taru a Bamako a watan Janairun 1991 suka ƙulla tasu, wadda ta haramta shigo da duk wata shara mai haɗari cikin nahiyar, har da ta nukiliya, ta kuma fara aiki a 1998. Ita ma Basel an yi mata gyara a 1995 domin hana ƙasashe masu arziki aika irin wannan shara zuwa matalauta, amma sai a watan Disambar 2019 aka sami adadin ƙasashen da ake buƙata gyaran ya zama doka. Amurka kuwa ta sa hannu a 1990, har yau ba ta zama cikakkiyar mamba ba.

Yanzu ga abin da ya faru. Kamfanin Trafigura mai cinikin man fetur ya yi hayar jirgin Probo Koala, aka riƙa wanke wani fetur mai arha da ba a gama tacewa ba da soda a cikin jirgin, abin da ya bar wani baƙin ruwa mai tsananin wari. A watan Yulin 2006 aka fara sauke shi a Amsterdam, amma da kamfanin da ya karɓa ya gwada ya ga ba ruwan wankin tanki na yau da kullum ba ne, sai ya ɗaga farashi zuwa kusan yuro 1,000 a kan kowace lita 1,000, watau kusan yuro rabin miliyan gaba ɗaya. Aka ƙi biya, hukumomin Holan suka bari aka mayar da dattin cikin jirgi ya tashi. Ya biya ta Istoniya, ya tsaya a Legas ba a sauke ba, sannan a watan Agusta ya isa Abijan, birni mafi girma a Kwaddebuwa, inda wani sabon kamfani mai suna Tommy ya karɓi aikin a kan kimanin dala 17,000. Motocin tanki suka kwasa cikin dare suka zazzage a wurare kusan 18 a birnin, har da babban jujin Akuwedo. Mutane fiye da 100,000 suka je asibiti, hukumomi suka ƙirga mutuwar aƙalla 15, gwamnati ta yi murabus.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan biyu ce. Ta farko a rubutun dokar take: Basel ta ware dattin da ke fitowa daga aikin jirgi na yau da kullum ta bar shi ga wata yarjejeniyar teku dabam, saboda haka duk wanda ya kira kayansa ruwan wankin tanki ya kauce wa neman izini. Ta biyu ta fi girma: waɗannan yarjejeniyoyi ba su da 'yan sanda ba su da kotu, ƙarfinsu shi ne ƙarfin jami'in da ke tsaye a tasha da alƙalin da ke zaune a ƙasar. Ƙa'idar biyan diyya da aka haɗa wa Basel a 1999 har yanzu ba ta fara aiki ba, mambobin Bamako kuwa sai a 2013 suka yi taronsu na farko, shekara 15 bayan yarjejeniyar ta zama doka.

Ki lura da yadda hukuncin ya rabu. A 2007 Trafigura ta biya gwamnatin Kwaddebuwa kusan dala miliyan 198 bisa sharaɗin ba za a gurfanar da ita ba, ba tare da ta amsa laifi ba. A 2009 ta biya fam miliyan 30 ga mutane kusan 30,000 da suka kai ƙara a Landan, tana mai dagewa cewa dattin ba zai iya kisa ko jawo mummunar cuta ba. A 2010 wata kotun Holan ta ci ta tarar yuro miliyan ɗaya saboda fitar da dattin daga Turai ba bisa doka ba. Wanda aka yanke wa shekara 20 a Abijan kuwa shugaban Tommy ne, ɗan Najeriya. Ba na wanke shi, amma dokar da ke ɗaure ɗan kwangila ta sallami mai kaya da rasit tana koya wa masu kaya cewa abin farashi ne kawai. Sai a 2023 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta yanke cewa ita kanta gwamnatin Kwaddebuwa ta gaza kare haƙƙin 'yan ƙasarta na rayuwa da lafiya.

Tambaya: Na ga labarin wasu ƙasashe suna mayar wa Turawa kwantenonin shara. Suna da hurumin yin haka? (Daga mai karatu a Damagaram)

Amsa: Suna da shi, kuma ƙa'idar mayar wa mai kaya kayansa da muka ambata a sama ce suke aiki da ita. Shekaru da dama Sin ce ke sayen tsofaffin robobin duniya, sai ta rufe ƙofa daga Janairun 2018, kayan suka karkata zuwa maƙwabtanta. Filifins ta mayar wa Kanada kwantena 69 a 2019, Malesiya kuma ta mayar da 150 zuwa ƙasashe 13, Faransa da Birtaniya na kan gaba. A Tunisiya an gano kwantena 282 na sharar gidaje daga Italiya a tashar Susa a 2020, an shigo da su da sunan robar sarrafawa. Aka tsige ministan muhalli aka kama shi, sannan a 2022 aka mayar da mafi yawan kayan. Daga Janairun 2021 gaurayayyar roba mai datti ita ma ta shiga jerin kayan da sai da izinin ƙasar da za ta karɓa.

Tambaya: Ina sayar da talabijin da firji da kwamfuta na tokumbo a Kano, ina sarowa daga Alaba. An ce mini wai kayanmu shara ne a idon doka. Yaya abin yake?

Amsa: Alhaji, abin da ya raba kaya da shara a idon doka shi ne ko na'urar tana aiki a lokacin da aka loda ta. Firjin da aka gwada, aka rubuta shaidar yana aiki, aka naɗe shi yadda ba zai lalace a hanya ba, kayan hannu ne halal. Wanda aka tsinto daga wurin zubar da kaya aka cusa a kwantena ba gwaji, shara ne ko da an rubuta masa wani suna, kuma a Birtaniya an taɓa ɗaure masu fitar da irinsa zuwa Afirka ta Yamma. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin Legas a 2015 da 2016 ya nuna ana shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a shekara, fiye da tan 15,000 daga ciki matattu ne, kuma yawancinsu a cikin motocin tokumbo ake cuso su, ba a kwantena ba, domin mota ba kasafai ake buɗe ta ba. Daga Janairun 2025 duk wata sharar lantarki, mai guba ko marar guba, ta shiga ƙarƙashin tsarin neman izini na Basel. A nan gida kuma doka ta wajabta wa mai shigo da tsofaffin kayan lantarki ya yi rajista da NESREA.

Kai da ke saye a Alaba ba kai doka ta fi nema ba, amma ka san inda abin ke ƙarewa. Idan ka sayi kaya a dunƙule ba gwaji, waɗanda suka ƙi tashi suna komawa hannun 'yan gwangwan, su farfasa su cire abin da ke da kuɗi, su tara wayoyi su cinna musu wuta da tsohuwar taya domin roba ta narke jan ƙarfe ya fito, yaro yana tsaye a kan baƙin hayaƙin yana juyawa da sanda. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya kuwa cike yake da dalma, kuma wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ya buƙatar ƙarin bayani. A Gana an yi doka a kan sharar lantarki a 2016, sannan a 2021 hukuma ta rushe sananniyar kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie a Akra, inda yawancin ma'aikatan samari ne daga arewacin ƙasar. Ƙonawar ba ta tsaya ba, warwatsuwa ta yi zuwa unguwanni inda ba mai gani. Shawarata ita ce ka sa gwaji ya zama sharaɗin ciniki, ko da ribar za ta ɗan ragu.

Tambaya: Tunkiyata ta mutu, da aka feɗe ta aka tarar da leda cunkushe a tumbinta. Na ji an ce akwai dokar hana leda a nan Nijar. Me ya sa ta yi aiki a Ruwanda, mu ba ta yi ba? (Daga wata uwargida a Maraɗi)

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Dokar tana nan tun 2014, ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da siririyar leda, kamar yadda Kamaru ta yi a shekarar, Njamena kuma tun 2010. Bangaladash ce ta fara a duniya a 2002, bayan an ga yadda leda ta toshe magudanan ruwa ta ƙara tsananta ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a watan Agustan 2017 da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara huɗu ko tarar shilin miliyan huɗu.

Bambancin ba a zafin hukunci yake ba. Ruwanda ƙaramar ƙasa ce da ke bincikar jakar matafiyi a filin jirgi da kan iyaka, ta kuma samar da jakunkunan takarda kafin ta matsa wa mai shago, duk da haka ana fasa-ƙwaurin leda zuwa cikinta. Kenya ta kama abin daga tushe, wato masana'antu da masu shigowa, waɗanda 'yan ƙalilan ne kuma an san adireshinsu. Maraɗi kuwa tana da doguwar iyaka da Najeriya, inda ake ƙera leda ba dare ba rana, mai ƙosai da mai man ja da mai ruwan sanyi kuma ba a ba su abin da zai maye gurbinta a farashin da za su iya ba. Dokar da za ta mayar da duk kasuwa masu laifi, ba jami'in da zai iya aiwatar da ita. A ganina ledar Maraɗi ba za ta ragu sosai ba sai ranar da aka taɓa ta a Kano da Legas, kuma Legas ta fara da hana kwanon soso na zuba abinci a Janairun 2024.

Tambaya: A unguwarmu da zarar hadari ya haɗu sai mutane su fito da kwandunan shara su juye a kwata. Ba gara a kawo mana doka irin ta Singafo ba, a riƙa cin tara mai zafi? Kuma wa zan kai wa ƙara? (Daga wani magidanci a Kano)

Amsa: Malam, a Singafo kotu na iya cin mai yar da shara tarar dalar ƙasar 2,000 a karon farko, 4,000 a na biyu, 10,000 a na uku, ko ta sa masa riga mai ɗaukar ido ya share titi a bainar jama'a. Amma kafin tarar akwai motar kwasa da ba ta saɓa rana. A Ingila hukuncin jibge shara a inda bai dace ba ya kai ɗaurin shekara biyar, duk da haka hukumomi na ƙirga irin wannan laifi fiye da sau miliyan a shekara, wanda ya isa ya nuna iyakar abin da tsoro kaɗai ke iya yi.

Ƙasashen da suka fi burge ni su ne waɗanda suka sa lissafin aljihu ya yi aikin ɗan sanda. Koriya ta Kudu tun 1995 ta wajabta zuba shara a cikin jakar hukuma da ake saye, abin da aka ware domin sarrafawa kuma a kwashe shi kyauta, saboda haka mai yawan shara shi ke yawan biya. Jamus tun 1991 ta ɗora wa kamfanoni nauyin kwashe mazubin kayan da suka sayar, daga 2003 kuma ta sa ajiyar kuɗi a kan gora da gwangwanin abin sha, santi 25 na yuro a yau, wanda ake mayar wa duk wanda ya dawo da su, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 suna dawowa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin ba wanda ke ganin tsohuwar tukunyar alminiyam a kwata: 'yan bola jari sun riga sun ɗauke. Abin da ke saura shi ne abin da ba shi da mai saye. Manoman kewayen Kano ma sun daɗe suna sayen sharar birni a matsayin taki, sai dai yanzu sai sun tsince leda da batir da fasasshen gilashi kafin su baza a gona.

Game da ƙara, kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa kwasar shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma, ko da yake a manyan birane jihohi sun karɓe aikin ta hanyar hukumominsu, kamar REMASAB a Kano da LAWMA a Legas. NESREA ta tarayya ce, ita ake kai wa batun masana'antar da ke sakin ruwan sinadari a kogi, irin na majemun Calawa da Sharaɗa, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha. Naka batun kuwa na duba-gari ne da ke sashen lafiya na ƙaramar hukumarku, waɗanda ke da ikon ba da takardar gargaɗi su kuma kai mai taurin kai kotu. Ka fara da mai unguwa, ku rubuta takarda ɗaya da sa hannun magidanta ku ajiye kwafi, ku nemi abu biyu a cikinta tare: a hukunta masu juyewa a kwata, a kuma ware muku wurin zubawa da ranar da mota za ta riƙa zuwa.